Baƙin abu mai ƙugiya biyu a wutsiyar tunkiya, wa ya san shi?

Baban Ummi, Tudun Jukun: Salamu alaikum jama'a. Jiya da la'asar yaro ya dawo da tumaki daga bayan Kufena, sai na ga ɗaya tana ta juyi tana son cizon wutsiyarta. Da na danne ta sai ga wani baƙin abu ya cukuikuye a gashin, bai fi gaɓar babban yatsa ba, tauri kamar ƙaho, bakinsa da ƙugiya biyu kamar haƙoran maciji. Wallahi na ɗauka mataccen buzuzu ne. Sai da reza ya fita. Na ɗauki hotonsa da manhajar nan mai gane tsirrai, ta ce wai ɗan hamada ne, Turawa na ce masa farcen shaiɗan. To me ya kawo ɗan hamada Zazzau? Wanda ya taɓa gamuwa da shi ya taimaka.

Ɗan Gyallesu: Kashin yawo ne kawai, Malam.

Baban Ummi: Haba ɗan'uwa, kashin yawon da na girma ina tsincewa a ƙafar wando? Ai shi bai kai ƙwayar wake ba.

Maman Sadik, Hanwa: Baban Ummi, ni uwar na sani. Duk damina tana fitowa a bakin bolar bayan gidanmu, tsawonta ya kai ƙugu. Ganyenta faffaɗa ne mai gashi, in ka shafa sai hannunka ya yi danƙo, har ƙananan ƙwari za ka gani sun manne sun mutu a kai. Furenta sak na riɗi, fari da ratsin ruwan hoda, leɓensa da ɗigo ja mai duhu. Ɗan yana fara fitowa kore shar, lumui, ba ka cewa da mugunta a cikinsa. Da kaka sai koren ya saɓule, baƙin ya rage a rataye yana jiran mai wucewa. Hijabin Islamiyyar 'yata guda ya yaga mini, shi ya sa ban manta shi ba.

Malamin Samaru: Hajiya kin gama aikin, saura suna. Manhajar ba ta yi ƙarya ba, ruɗewa ta yi, don aƙalla tsirrai uku ne ake kira da wannan suna, kuma a ƙugiya ake raba su. Mai ƙugiya biyu gajeru, irin na hannun Baban Ummi, shi ne Martynia annua. Asalinsa Meziko, an sa masa sunan John Martyn, wani shehin malamin tsirrai na Kambirij, yanzu kuwa ya zama ciyawar bola a Indiya da ƙasashen Afirka masu zafi. Ba ɗan hamada ba ne, baƙo ne da ya samu wurin zama, kamar dai kashin yawon da shi ma daga nahiyar Amurka ya zo. Na biyu Proboscidea, na hamadar Arizona da arewacin Meziko, ƙahonninsa biyu ne amma dogaye. Na uku Harpagophytum procumbens na hamadar Kalahari, wato Namibiya da Botswana da Afirka ta Kudu. Shi wannan a ƙasa yake yaɗo, ɗansa shimfiɗaɗɗe ne da hannaye ta ko'ina, kowane hannu da ƙugiyoyinsa, dabba ta taka ya kama kofato ta yi ta tafiya da shi har ya fashe irin ya zube. Abin da zai ba ku dariya, shi wannan na ukun danginsa ɗaya da riɗi da karkashin miyarmu.

Yaya Babba, Sabon Gari: Allah gafarta Malam, da ka yi wannan bayani bara da ban yi asarar dubu biyar ba. Gwiwa ta matsa wa tsohuwarmu, wani mai tallar magani a bayan mota da lasifika ya nuna mini irin baƙin nan mai ƙugiya biyu cikin kwalba, ya ce shi ne na Namibiya da Jamusawa ke saye don sanyin ƙashi. Ya ba ni garinsa a ƙullin leda. Allah Ya taimaka ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce, ta hana a ba ta.

Malamin Samaru: Ta kyauta. Na Namibiya gaskiya ne ana fitar da shi Turai saboda ciwon gaɓoɓi da na baya, amma saiwarsa ake tonowa, mai kama da rogo, a yayyanka a shanya. Ba ɗan ake dakawa ba.

Anti Dakta, Kongo: Na biyun nan, Proboscidea, na riƙe da hannuna lokacin da nake karatu a Tucson ta Arizona. Ƙahon ya kai taƙi, yana kama takalmi ta dunduniya kamar an ɗana tarko. Mutanen Tohono O'odham, 'yan asalin wurin, suna jiƙa shi su tsage baƙin zaren su yi wa kwandunansu ado, in kun gani sai ku tuna baƙin zanen faifanmu. Ɗanyensa kuma kamar kuɓewa, har tsimi suke yi da shi.

Direban Damagaram: Ni ɗan hamadar da na sani ƙarangiya ce. Ka kwana a daji bayan Tanut ka shimfiɗa bargo, ka ga aiki da safe.

Baban Ummi: Na gode jama'a. Yau da sassafe yaron ya kai ni wurin, wani tsohon juji ne kusa da ramin da ake ɗibar ƙasar bulo. Yadda Maman Sadik ta faɗa haka na tarar, har danƙon. A gindi ɗaya na ƙirga baƙaƙe goma sha bakwai, da sauran fure biyu a sama. Malam, in na so a tabbatar mini fa?

Malamin Samaru: Yanko reshe mai ganye da fure da ɗa, ka shimfiɗa tsakanin tsofaffin jaridu ka ɗora bulo kwana uku, kana canza jaridar saboda danƙon. Ka rubuta wuri da rana, ka kawo ma'ajiyar busassun tsirrai ta Jami'ar Ahmadu Bello a nan Samaru, za a gwada da na ajiye. Sauran kuma a tuge a ƙone tun tumakinka ba su shuka maka shi a garke ba.

Baban Ummi: An gama. Sai dai a aljihu na sako guda uku, yanzu haka ina zaune da reza ina fama da aljihun.