Iyayenmu da suka yi aikin jirgin sama a shekarun 1970, ku ba mu labari

Maman Ikram: Assalamu alaikum. Hotunan mata ma'aikatan jirgin Pan Am da BOAC, tsofaffin kamfanonin jiragen sama na Amurka da Birtaniya, sun cika gari, da hula da safar hannu, yara sai santi suke yi. Na san akwai iyayenmu a nan da suka yi aikin da kansu. Don Allah yaya abin yake, musamman jigilar alhazai daga Kano?

Hajiya Babba: Wa'alaikumus salam 'yata. Ni Nigeria Airways na yi, zamanin Boeing 707 da tambarin giwa mai fukafukai. Zuwa Landan daɗi ne, amma aikin gaske sai lokacin Hajji. Kano zuwa Jidda awa huɗu da ɗoriya, kuma yawancin alhazan ranar suka fara ganin cikin jirgi. Ke za ki ɗaura wa tsohuwa bel, ke za ki nuna mata yadda ake buɗe ƙofar bayi, ke za ki lallaɓi baba ya ajiye buta kada ruwan alwala ya jiƙa ƙasan jirgi. Mu masu jin Hausa kaɗan ne, don haka kowa mu yake kira. Wata inna ta riƙe hannuna gam lokacin tashi, da jirgi ya daidaita ta kwance bakin zaninta ta ba ni goro, ta ce Allah ya yi mini albarka. Idan aka sanar an kusa miƙati kuwa, jirgi gaba ɗaya ya ɗauki Labbaika, har yau in na tuna tsigar jikina tashi take.

Anti Yar Sabongari: Hajiya ta faɗi gaskiya. Ni a wani kamfanin waje na yi. Sikeli ake ɗora mu, ki ƙara ƙiba a ajiye ki a ƙasa. Takalmi mai tsini wuni guda, ga hayaƙin sigari, ki sauka gashinki yana wari. A Amurka ma har zuwa 1968 aure ko cika shekara 32 yana raba mace da aikin a kamfanoni da dama. A gida kuma surutun mutane ya fi komai ciwo, wai 'yar jirgi ba ta zaman aure. Mahaifina ne ya tsaya mini, Allah ya jiƙansa.

Baban Sadiƙ: Ban yi aikin ba, amma ina Kano ranar 22 ga Janairun 1973 da jirgin alhazai ya yi hatsari wajen sauka, mutum 176 suka rasu. Garin ya girgiza. Hajiya, yaya kuka iya komawa aiki bayan wannan?

Hajiya Babba: Malam, dole ce. Akwai sauran alhazai a Jidda suna jiran a kwaso su. Kuka muke yi a wurin haɗa abinci, mu wanke fuska mu fito da tire. Duk wanda ya tambaye ni ko lafiya za mu sauka, sai in tsuguna kusa da kujerarsa mu karanta addu'ar tafiya tare.