Da wane kiɗan Turawa na dā ya kamata sabon shiga ya fara?

Auta: Assalamu alaikum. Jiya Kawu ya ce duk mai son fara sauraron kiɗan Turawa na dā, wanda babu waƙa a cikinsa, kada ya kusanci Beethoven tukuna, ya fara da Boléro. Yaya ya ce sam. Ni ce mai son farawa, don Allah ku raba mini gardama.

Kawu: Wa alaikumus salam. Ina nan a kan bakana. Mu da ganga kunnenmu ya tashi. Boléro kuwa, wanda Bafaranshen nan Ravel ya tsara a 1928, ƙaramar ganga ce ke riƙe da shi daga farko har ƙarshe, bugu iri ɗaya kusan minti 15. Sarewa ce ke ɗauko amon can ƙasa-ƙasa kamar raɗa, wani abin busa ya karɓa, wani ya karɓe, sauti na ta hawa har makaɗan duka su haɗu. Babu inda za ki ɓace.

Yaya: Kawu a gafarce ni, ai nan gizo ke saƙa. Wanda ya fara da Boléro zai zaci haka sauran suke, alhali shi daban yake. Auta, ɗauki Simfoni (dogon kiɗan taron makaɗa mai kashi-kashi) na 5 na Bajamushen nan Beethoven, wanda aka fara kaɗawa a Biyana, babban birnin Ostiriya, cikin Disambar 1808. Bugu huɗu ne a bakinsa, uku gajeru, ɗaya dogo. Kashin farko yawanci ba ya wuce minti 8, kuma kusan duka daga bugun nan aka gina shi. Ki bi sawunsa ki ji yadda ake jujjuya shi, a ɗaga, a sauke, a miƙa wa wasu. Koyon sauraro ke nan.

Goggo: Ku duka kun manta da abu guda. Mun saba da kiɗan da ke tafe da magana, in babu baiti hankali sai ya tafi yawo. Shi ya sa nake cewa Vivaldi, mutumin Italiya. Kiɗansa na lokutan shekara huɗu, da aka wallafa a 1725, da baitocin da ke bayyana kowane yanayi ya fito. Na kunna wa jikana kashin ƙarshe na lokacin zafi, ban ce masa komai ba. Gogunan suna rugugi ya ɗago kai ya ce, "Kaka, hadari ya taso."

Kawu: Hajiya Goggo, lokutan Italiya ne fa. Yarinyar nan ina ta san ƙanƙara mai rufe ƙasa?

Goggo: Ta san hadari, ta san kukan tsuntsaye, ta san haushin kare. Duk suna ciki. Kuma gogen Turawa ba baƙo ba ne ga kunnen da ya san namu.

Yaya: Na yarda da Goggo rabi. Tsorona kada Auta ta saba neman labari a kowane kiɗa, don yawancinsu ba su da shi.

Auta: To, yau da daddare zan ji kashin farkon Beethoven da hadarin Goggo. Boléro sai gobe, Kawu ya yi haƙuri.

Kawu: Ba komai, 'yata. Amma ki sa abin ji a kunne. Minti biyun farko ba sa fita a lasifikar waya, gangar tana can ƙasa ƙwarai.