Tim Tebow: gwaninta ce ta ɗaga shi, ko aikin alheri?

Auta: Ni fa ina nan kan bakana. Tim Tebow ba wani gwani ba ne a ƙwallon Amurka. Ziyarar marasa lafiya da durƙusawa yana addu'a a gaban kyamara ne suka yi masa suna. Da ya shiga gasar ƙwararru ta NFL ai asiri ya tonu. A kakar 2011 a Denver Broncos, ko rabin ƙwallayen da ya jefa ba su isa hannun 'yan ƙungiyarsa ba.

Yaya: Auta, kana cakuɗa magana. Zancen jami'a muke yi. A 2007, yana aji biyu a Jami'ar Florida, sau 32 ya jefa ƙwallo aka ci, sau 23 kuma shi da kansa ya rungume ta ya kutsa cikin ƙarti har gidan abokan hamayya. Kafin shi ba a taɓa samun wanda ya haɗa 20 a nan, 20 a can cikin kaka ɗaya a babban rukunin jami'o'i ba. Shi ne ɗan aji biyu na farko da ya ɗauki kyautar Heisman, wadda ake ba gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara. Ita wannan kyauta a fili ake cinta.

Auta: Kofin ƙasa na jami'o'i da Florida ta ci a kakar 2006 fa? Ai Chris Leak ne ya ja ragama, shi Tebow sai a sako shi lokaci-lokaci.

Yaya: Gaskiyarka. Na 2008 kuwa shi ya ja su.

Kawu: Ni ba wasan ne ya dame ni ba, yara. Abin da nake tsoro riya ce. An koya mana in dama ta bayar, kada hagu ta sani. Yaron nan har ayar Littafi Mai Tsarki yake rubutawa a baƙin da 'yan wasa ke mannawa ƙarƙashin ido, sai da hukumar wasannin jami'o'i ta hana rubutu a wurin a 2010.

Anti: Kawu, a yi mini haƙuri in sa baki. Zuciyarsa Allah kaɗai ya san ta. Ni aikin jinya nake yi, na riƙe jaririn da aka haifa da ƙafa a murɗe, tafin yana kallon ciki, uwar tana ta ja masa zani don kada a gani. Irin waɗannan yaran ake yi wa gyara a asibitin da gidauniyarsa ta gina tare da ƙungiyar CURE a birnin Davao na Filifin, ƙasar da aka haife shi a 1987 iyayensa suna aikin mishan. Ita CURE ɗin tana da asibitin yara a Yamai ma. Gidauniyar da ke neman gudummawar jama'a kuwa dole ta yi shela, in ba haka ba da me za a biya likitoci?

Kawu: Wannan hujja ce, 'yata. Amma ban sauka daga batun niyya ba.

Auta: Asibitin na karɓa, Anti. Jami'a ma na bar wa Yaya. Sai dai a amsa mini abu ɗaya: mutumin da ya ja Denver suka fitar da ƙungiyar Pittsburgh Steelers daga wasannin neman kofin NFL a Janairun 2012, me ya sa Denver ta sallama shi ga New York Jets bayan wata biyu kacal?

Yaya: Saboda sun samu Peyton Manning, fitaccen mai jefa ƙwallo. Kuma hannun Tebow yana jinkiri wajen sakin ƙwallo, a NFL ba a jiran mutum. Wannan ban taɓa musa maka ba.