Idan komai na gaggawa ne, wanne za a fara?

Wasu shugabannin sassa a ofisoshin Abuja sun tattauna kan ɗabi'ar kiran kowane aiki "na gaggawa". Illar da ta fi damunsu: ma'aikaci ya ajiye rahoton da ya yi nisa saboda saƙon WhatsApp, ya dawo ya faro karatu daga farko, kurakurai su yawaita. Sannu a hankali kunne ya toshe, ko gaggawar gaske ba a motsa mata.

Shawararsu: kada ayyukan gaggawa su wuce 2 a hannun mutum ɗaya. Mai kawo aiki ya rubuta rana da lokaci, da asarar da makara za ta jawo. Shugaba ne zai faɗi aikin da za a ɗage, domin ƙaramin ma'aikaci ba ya iya ce wa oga a'a. Saƙon bayan Isha'i ya jira safiya.