Kwaɗo ɗaya a Hausa, suna biyu a Turanci: me za mu kira "toad"?

Malam Habu:
Assalamu alaikum. Ga wata matsala da ke addabar masu fassara darasin dabbobi. Bature yana da kalma biyu, "frog" da "toad", mu kuwa kwaɗo kawai muke cewa. In suka zo a jere cikin jimla ɗaya, ko dai mai fassara ya rubuta "kwaɗi da kwaɗi", ko ya jefar da ɗaya ya yi shiru abinsa. Shawarata mu ce kwaɗon ruwa ga na farkon, kwaɗon tudu ga na biyun. Na farko fatarsa santsi da danshi, ƙafafun bayansa dogaye, yana tsalle mai nisa, kuma ba ya rabo da bakin ruwa. Na biyu gajere ne dunƙulalle, bayansa kaushi da gudaji-gudaji, tsallensa gajere, har ya fi son tafiya. Me kuka gani?

Dakta Ladi:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin mu nemo wa rabon nan suna, sai mu fara tambaya ko rabon kansa gaskiya ne. A wajen masana dabbobi ba shi da tushe. Duk kwaɗin duniya rukuni ɗaya ne da ake kira Anura, kalmar Girkanci mai nufin marar wutsiya. A cikinsa akwai nau'i fiye da 7,000, an kasa su dangi-dangi sama da 50, kuma kowace shekara sai an gano sababbi.

Kalmomin Turancin nan biyu a Ingila suka girma, ƙasar da kwaɗinta na asali nau'i 4 ne kacal. Biyu daga ciki su kowa ya sani: Rana temporaria mai santsi, da Bufo bufo mai kaushi. A can rabon ya zauna daram. Da Turawa suka fita duniya suka tarar da dubban nau'o'i, sai suka riƙa liƙa musu sunayen nan biyu gwargwadon abin da ido ya nuna musu. In mun ɗauko rabon yadda yake, har da kurakuransa za mu ɗauko.

Malam Habu:
Na ji, Dakta. Amma ko ba kimiyya ba ne, ai ruwa da tudu abu ne da ɗalibi zai gane nan take.

Dakta Ladi:
Zai gane, sai dai abin da zai gane ɗin ba daidai ba ne. Ga Pipa pipa na kogunan Kudancin Amurka. Bature "toad" yake ce masa, alhali a cikin ruwa yake rayuwarsa kaf. Jikinsa shimfiɗaɗɗe kamar busasshen ganye, ba shi da harshe, macen kuma a fatar bayanta ƙwai ke nutsewa, kowanne da ɗan raminsa, har 'ya'yan su fito da siffar kwaɗo. Wannan za mu kira kwaɗon tudu? Sai kuma Breviceps macrops na yashin gaɓar tekun Namibiya da Afirka ta Kudu. Shi "frog" ake ce masa, amma ba ruwansa da tabki. A cikin yashi yake haƙa rami, danshin hazon teku ya ishe shi, 'ya'yansa ma ba sa bi ta matakin iyo. A tsarin Malam shi ne kwaɗon ruwa. Ban da dangin Hylidae masu hawa bishiya, da faifan manne a kan yatsunsu, waɗanda ba su shiga ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Malama Binta:
Ina tare da Dakta cewa kwaɗo ya wadatar ga Anura baki ɗaya. A nan Hausa ta fi Turanci dacewa da kimiyya, kalma ɗaya ga rukuni ɗaya. Ta ɗauke Conraua goliath na Kamaru da Ikwatoriyal Gini, wanda kan kai santimita 32 da nauyi sama da kilo 3, ta kuma ɗauke Paedophryne amauensis na Papuwa Niyu Gini, wanda bai cika milimita 8 ba. Amma kada mu yi saurin tashi. Akwai dangi guda na haƙiƙa da ke buƙatar suna, wato Bufonidae, mai nau'i sama da 600. Su ne in masani ya ce "toad" da gaske yake nufi, kuma ana iya gane yawancinsu. A bayan kowane ido akwai kumburi mai kama da ƙwayar wake, jakar dafi ke nan. Ba su da haƙori ko ɗaya, alhali yawancin sauran kwaɗi suna da ƙananan haƙora a muƙamuƙin sama, na riƙe abin da suka kama, ba na tauna ba. Ƙwansu a jere yake fita cikin dogon zaren yauƙi kamar carbi, na yawancin sauran kuwa a dunƙule yake ko a warwatse. Ni na kawo "kwaɗo mai jakar dafi".

Injiniya Garba:
Malama, sunan ya yi tsawo, kuma dafi ba nasu ba ne su kaɗai. Kwaɗon da ya fi kowanne mugun dafi, Phyllobates terribilis na dajin Kolombiya, ba ɗan Bufonidae ba ne. Ɗan ƙarami ne mai ruwan ɗorawa, tsawonsa kusan santimita 5, dafinsa kuma a warwatse yake cikin fatar jiki. Daga ƙwarin da yake ci yake samunsa, shi ya sa waɗanda aka haifa a wurin kiwo, ana ba su wani abincin daban, ba su da dafin. Mai karatu in ya ga "mai dafi" can hankalinsa zai tafi. Me zai hana mu ce "kwaɗo marar haƙori"?

Malama Binta:
Shi ma ya faɗi, Injiniya. Rashin haƙori ya ɓullo a dangogi da dama, musamman masu cin tururuwa da gara. Pipa pipa ɗin da Dakta ta ambata ma ba shi da shi. Kuma in faɗi gaskiya, nawa sunan ma yana da ɓaraka: kwaɗin Atelopus na Tsakiya da Kudancin Amurka 'yan Bufonidae ne cikakku, amma siriri ne, fata sumul, launi mai ɗaukar ido, ba wata jaka a bayan ido. Atelopus zeteki na Panama ma "frog" Bature ke ce masa. Alamar da ta fi haɗa dangin tana cikin ciki ne, wani ɗan sashe da ke manne a saman 'ya'yan maraina na namiji, wanda ake kira da sunan masanin da ya bayyana shi, Bidder. Ba wanda zai raɗa wa dabba suna da abin da sai an feɗe ta ake gani.

Baba Ɗanjuma:
Yara, kuna ta gina suna da siffa, siffar tana rushewa. Dangin da ya kai nau'i 600 ba za a rasa wanda ya fita zakka ba, komai siffar da kuka zaɓa. Suna kuwa ba dole ne ya yi bayani ba. Wa ya taɓa tambayar abin da "kura" ke nufi? A bakin Hausawa akwai ƙozo, ana faɗarsa ga kwaɗon nan mai kaushin baya, mai jan jiki, kamar yadda ake da burduddugi ga ƙaton nan na cikin ruwa. Ku ɗauki ƙozo ku ba Bufonidae, ku ce dangin ƙozo. Su ma masanan haka suka yi, bufo sunan dabbar ne kawai a Latin, suka ɗora wa dangin duka. Atelopus sai a ce ɗan dangin ƙozo ne da bai yi kama da ƙozo ba, kamar yadda kyanwa take dangin zaki.

Injiniya Garba:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ba kowane mai jin Hausa ya san ƙozo ba. Matasa da yawa ba su taɓa jin ta ba.

Baba Ɗanjuma:
Bufonidae fa, sun taɓa ji? Kalmar da aka manta ta fi sauƙin tasowa a kan wadda ba a taɓa sani ba. A karon farko a rubuta "ƙozo, wato kwaɗon nan mai kaushin baya da jakar dafi", daga nan a ci gaba da ƙozo kawai.

Dakta Ladi:
Na karɓi ta Baba, kuma ga inda sunan zai yi aiki. A 1935 aka kai wani ƙozo da ake kira Rhinella marina jihar Kwinsland ta Ostareliya, guda 102 daga Hawayi, don su cinye ƙwaron da ke ɓata rake. Abin bai yiwu ba, domin manyan ƙwarin a saman kara suke zama inda kwaɗon ba ya kaiwa, tsutsarsu kuma tana ƙarƙashin ƙasa. Shi kuwa macensa kan zuba ƙwai daga 8,000 zuwa sama da 30,000 a karo ɗaya. Abin da ya sa ɓarnar ta yi muni shi ne Ostareliya, duk da yawan kwaɗinta, ba ta da ko ɗan Bufonidae ɗaya na asali. Macizanta da manyan ƙadangarunta da kadojin ruwan daɗi ba su taɓa haɗuwa da irin wannan dafin ba, sai su haɗiye shi su mutu. Madagaska ma ba ta da su, har sai da Duttaphrynus melanostictus na Asiya ya shiga ta wajen tashar jiragen ruwa ta Toamasina. In ka rubuta "an kai kwaɗo Ostareliya ya kashe dabbobi", mai karatu zai ce to da can ba kwaɗi ne a ƙasar? In ka ce an kai ƙozo ƙasar da ba ta taɓa sanin ƙozo ba, magana ta fito.

Haka a shawarar likitan dabbobi. Kare in ya cafki ƙozo, jakar nan ce ke matsuwa a bakinsa, sai ka ga dalala da kumfa, dasashi ya yi ja. Abin yi shi ne a sunkuyar da kansa ƙasa, a riƙa goge dasashi da harshe da jiƙaƙƙen tsumma ana ɗaurayewa, na tsawon minti 10 ko fiye, sannan a kai shi asibitin dabbobi. Kada a ɗura masa ruwa da ƙarfi, zai iya shiga huhu.

Malam Habu:
Madalla. To tun da an zo nan, "amphibian" fa? Na sha ganin an rubuta "dabbobin ruwa da tudu".

Malama Binta:
Wannan fassarar ta kwaso kada da dorina da kunkurun ruwa, ba kuwa ɗayansu a ciki. Asalin kalmar Girkanci ce mai nufin rayuwa iri biyu: ɗan ya ƙyanƙyashe a ruwa da wutsiya, yana numfashi irin na kifi, daga baya ƙafafun baya su fito, sai na gaba, huhu ya kama aiki, jiki ya shanye wutsiyar. Amma "masu rayuwa biyu" ma bai game ba. Ɗaruruwan nau'o'in Pristimantis na Kudancin Amurka daga cikin ƙwai suke fitowa da cikakkiyar siffa. Nimbaphrynoides occidentalis na Dutsen Nimba, inda Gini da Laberiya da Kwaddibuwa suka haɗu, haihuwa take yi bayan ciki na kusan wata 9, kuma 'yar dangin ƙozo ce.

Abin da ya haɗa su duka fata ce: ba gashi, ba ɓawo irin na ƙadangare, ruwa da iska suna ratsa ta. Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki, da fatar ciki yake tsotsa. Telmatobius culeus na Tafkin Titikaka, wanda ke kan tsaunuka kusan mita 3,800 sama da teku, tsakanin Peru da Bolibiya, fatarsa ninki-ninki take kamar rigar da ta yi masa yawa, da ita yake numfashi a ƙarƙashin ruwa. Ta fatar nan ce kuma cutar funfunar da ake kira Batrachochytrium dendrobatidis ke kashe su: tana kaurara ta, gishirin jiki ya rikice, zuciya ta tsaya. Ni dai a bar kalmar a matsayin aro, amfibiya, a bi ta da bayanin "masu numfashi da fata". Kwaɗi su ne kusan kashi 88 cikin 100 nasu. Ragowar su ne salamanda masu kama da ƙadangare, da wasu marasa ƙafa masu kama da ƙatuwar tana.

Injiniya Garba:
Amfibiya ta zauna a baki, ba ni da ja. Abu ɗaya: na ga duk kuna cewa nau'i, alhali littattafai da yawa jinsi suke rubutawa.

Dakta Ladi:
Jinsi ta riga ta tafi wajen bambance namiji da mace. In ka rubuta "jinsin kwaɗi biyu" ba a san wanne kake nufi ba, kuma a maganar kwaɗi kullum sai an ambaci namiji da mace, tun da namiji ne mai kuka, macen kuma kukan nau'inta kaɗai take amsawa. A Amurka akwai kwaɗin bishiya biyu, versicolor da chrysoscelis, da ido ba ya raba su, amma kukan ɗaya ya fi na ɗayan sauri, kuma nau'i biyu ne daban. A bar jinsi ga namiji da mace, nau'i ga wannan, dangi ga irin su Bufonidae, rukuni ga Anura.

Malam Habu:
To na janye kwaɗon ruwa da kwaɗon tudu a matsayin suna, sai dai in ana bayanin inda wani kwaɗo ke zama. Inda Turanci ya jera kalmomin nan biyu, "kwaɗi" kawai zan rubuta. Inda ya ce "toad" kuwa sai na duba sunan Latin ɗin tukuna: in ɗan Bufonidae ne in ce ƙozo, in ba shi ba ne, kamar Pipa pipa, ko Alytes obstetricans na Turai da namijinsa ke naɗe zaren ƙwai a ƙafafun baya yana yawo da shi, in ce kwaɗo. Baba, jam'in ƙozo fa?

Baba Ɗanjuma:
Kada ka wahalar da kanka. Ka ce kwaɗin ƙozo, ko 'yan dangin ƙozo. Ka dai kula da lanƙwasar ƙ ɗin wajen bugawa.