Ruwan Tsakar Dare: Musayar Waƙa Kan Komowar Almasihu

Ɗan Kabu-kabu, Sabon Gari:

Salama a gare ku, iyayena da yayyena cikin Ubangiji. Jiya aka turo mini saƙon murya a WhatsApp, wani yana cewa ya lissafa annabcin Daniyel da na Wahayin Yahaya har ya gano shekarar da Yesu zai dawo. Ban runtsa ba. Ga damuwata a waƙe, amsa-amo "wa", mai amsa ya ɗora.

Yaƙi a gabas, yaƙi a yamma,
Kullum rediyo sai labarin kashewa.
Bara fari ya ƙone mana gero,
Bana ambaliya, gidaje na rushewa.
An ce lambar nan 666
Ta shiga waya, tana ta yaɗuwa.
Ni babur ɗin bashi nake tuƙawa,
In ci gaba da biya, ko in jira fyaucewa?
Ku faɗa mini gaskiya, iyayena,
Zuciyata ta ƙi kwantawa.

Tsohon Malamin Makarantar Lahadi, Zango:

Ɗana, sha ruwa ka zauna. Ba kai ne na fari da masu lissafi suka firgita ba. A Amurka mabiyan William Miller sun jira ranar 22 ga Oktoba 1844, wasu har suka bar amfanin gona ba girbi, gari ya waye kamar kullum. Mai wa'azi Harold Camping shi ma ya tsayar da 21 ga Mayu 2011, ya cika rediyo da alluna da shela, ranar ta zo ta wuce. Buɗe Matiyu 24 da Markus 13, inda almajirai suka tambayi Yesu, ka bi ni.

A Dutsen Zaitun suka tambaye shi,
Almajirai huɗu suka keɓe da shi,
"Yaushe?" suka ce, suna duban shi,
Ya ce ku kula da masu ruɗarwa.

Yaƙi da jita-jitarsa za ku ji su,
Yunwa da girgizar ƙasa za ku gan su,
Farkon naƙuda ne, kar ku ji tsoron su,
Da sauran lokaci kafin haihuwa.

Ranar da sa'ar ba mala'ikan da ya sani,
Ɗan ma ya ce Uba kaɗai ya sani,
Wane ne mai waya da zai ce "na sani"?
Share saƙon, ɗana, daina yaɗawa.

Bashin babur kuwa, je ka biya shi,
Bulus ga Tasalonikawa ya rubuta shi,
Mai ƙin aiki, abinci ma a hana shi,
Jiran Ango bai hana fita nemawa.

Uwar Tagwaye, Garin Malam:

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma misalin 'yan mata goma masu fitilu da ke jiran ango, na Matiyu 25, famfon tsakar gidanmu ne ya fassara mini shi. Duk wanda ya yi bazara a Damagaram ya san zancen.

Kwana biyar famfonmu bai ce uffan ba,
Randa ta bushe, ƙasanta na tsagewa.
Ba mai zuwa ya ce yau za a sako,
Ba ƙararrawa, ba mai shelantawa.
Tun magariba nake wanke jarkoki,
In jera su bakin famfo ina dubawa.
In bar kansa a buɗe, in shimfiɗa tabarma,
Kunne ɗaya na barci, ɗaya na saurarawa.
Ƙarfe biyun dare bututu ya yi tsaki,
Ya yi tari, sai ga ruwa na kwararowa.
Maƙwabciyata jarkarta na cikin ɗaki,
Ta farka asuba, ruwa ya gama ɗaukewa.
Ruwa kam na ɗiba mata bokiti biyu,
Amma man fitilar nan ba a rantawa.
Biyar masu hikima, biyar marasa azanci,
Duk goman gyangyaɗi ya zo yana ɗibawa.
Abin da ya raba su, mai ne a kwalba,
Da rana aka tanade shi, kafin rufewa.

Ɗan Kabu-kabu:

Inna, na ji, amma man nan mene ne?
Wace rumfa ake zuwa sayowa?
Na san lungu-lungu na Kasuwar Dole,
Ban taɓa ganin mai tallatawa.

Mai Ɗinki, Birni:

Ƙanena, bari in ba ka amsa da abin da ya same ni. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, da aka ƙona majami'u a garin nan na Damagaram, na sakankance ƙarshen ne ya zo. Ban taɓa rubuta wannan ba sai yau.

Hayaƙi ya turnuƙe bayan azahar,
Na goya ɗana, ba takalmi, ina rugawa.
Na ce yau ne, yau za a busa ƙaho,
Na ɗaga kai, ba gajimare mai tsagewa.
Hajiya maƙwabciyarmu ta ja ni ɗakinta,
Ta yafa mini mayafi, ta ce "ba mai taɓawa."
Kwana biyu tuwonta muke ci,
Ita ke lallashin yaron, ita ke goyawa.
A ɗakin nan na leƙa cikin zuciyata,
Abin da na gani ya sa ni rawar jiki da kaɗuwa.
Da ya zo ran nan, da ya same ni da gaba,
Shekara biyu ni da yayata ba gaisawa.
Kan 'yar gonar gado muka ɓata,
Kullum ina sujada, ciki kuwa yana ruɓewa.
Ƙura na lafawa na hau motar Mirriya,
Na durƙusa gabanta, muka yi kuka da yafewa.
Masu sa wutar ma na sake su ga Allah,
Ba a dare ɗaya ba, sannu, da daurewa.
Nawa man ke nan, ƙanena, tuba da gafara,
A gwiwa na same shi, ba a wurin masu aunawa.

Tsohon Malami:

'Yata, kin sa tsoho hawaye. Ku karanta ƙarshen Matiyu 25, inda Sarki ke ware tumaki da awaki. Bai tambayi kowa lissafin shekaru ba. Yunwa ya ambata, da ƙishirwa, da baƙunta, da tsiraici, da ciwo, da kurkuku. Duk sa'ad da na karanta "ina baƙo kuka saukar da ni", daga yau mayafin Hajiyar nan zan riƙa gani. Masu cewa an daɗe kuwa, tun 1924 masu bishara na ƙungiyar mishan ta SIM suka sauka Damagaram, a 1932 Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa, kuma da yawa cikin waɗanda suka koya mana karanta shi sun yi barci suna jira.

Bitrus ya ce ba jinkiri yake ba,
Shekara dubu gare shi ba ta fi yini ba,
Haƙuri yake, bai so kowa ya hallaka ba,
Ƙofa ya bari don masu tubawa.

Waɗanda muka kai makwanci da waƙa,
Su ne na farin tashi in ƙaho ya yi ƙara,
Sa'an nan mu da muka rage mu bi su sama,
Hawayen idonmu shi ne mai sharewa.

Baba Mai Gadi:

Na makara, sai yanzu jikana ya karanta mini duka. Markus 13:34 ya ambaci mai tsaron ƙofa, to aikina ke nan shekara da shekaru. Ga nawa kaɗan.

Maigidana in ya tafi Kano,
Ba ya faɗa mini ranar komowa.
Ko da almuru, ko tsakar dare,
Ko carar zakara, ko gari na wayewa.
Tocila a hannu, shayi a kan gawayi,
Hunturu na ratsa ƙashi ina zagayawa.
Ba tsoronsa ke hana ni barci ba,
So nake ya yi oda, ni ne mai buɗewa.

Yanzu ƙarfe uku da kwata. Na ji ƙarar mota a kan kwana, bari in leƙa.