Dila ya ɓata min gyaran tirela, don Allah a ba ni shawara

Baban Khalifa, Columbus:
Salamu alaikum 'yan uwa. Abin nan ya tsaya min a rai, kwana uku ko barcin kirki ba na yi. Wasunku sun san tirelar da muka saya a 2021, irin wadda ake ja da mota ɗin nan mai gado da kicin da banɗaki a ciki, da ita muke fita da yara lokacin hutu tunda maiɗakina ba ta son kwanan otal saboda maganar abinci da tsarki. A watan Yuni muka je Hocking Hills, wurin shaƙatawa a jihar Ohio, ina ribas zan shiga wurin da aka ba mu sai kusurwar baya ta dama ta gogi bishiya, bango ya tsage ya kai kamu ɗaya, ƙarfen kusurwar ya lanƙwashe har sama wajen rufi. Inshora suka amince, na mayar da ita wurin dilan da na saya don a ganina su suka san kayansu. Sati 11 tana hannunsu, kullum na kira sai a ce ana jiran kaya daga Indiyana, hutun yara ya ƙare ba mu je ko nan da can ba.

Ranar Asabar na ɗauko ta da yamma, na sa hannu na biya dala 500, kasona na kuɗin gyaran, inshora ta biya 4,300. Washegari da rana ta haska gefen sai gabana ya faɗi. Fentin bai hau ɗaya ba, tun daga bakin titi kana hango facin. In ka shafa da tafin hannu kana jin tudu da kwari, wato cikewa suka yi suka goge alhali a rasit an rubuta sun sa sabon bango. Sukurori uku a karkace, silikon kuwa an lafta shi kamar da yatsa. Shekaranjiya aka yi ruwa, da safe Khalifa ya ce Baba zo ka gani, katifar gadonsu na sama ta jiƙe ta gefe ɗaya, na zura hannu bayanta na ji katakon da sanyi da danshi. Na kira manajan gyara ya ce wai haka tireloli suke, in kawo su ƙara silikon, kuma akwai layi sai nan da sati shida. In mayar musu ko in kai wani wuri? Kuma wa zai biya?

Malam Ɗan Katsina, Indianapolis:
Wa alaikumus salam, Allah ya mayar da alheri. Na yi shekaru a aikin nan kafin na koma tuƙin babbar mota, to ka ji da kyau, fenti shi ne ƙarshen damuwarka, ruwan nan shi ne matsalar. Bangon tirela ba irin bodin mota ba ne da za a bubbuga ya miƙe. Fatar faiba ce siririya aka manna da gam a kan falle na katako, sai soso a tsakiya, sai wani fallen ta ciki. Da zarar ruwa ya shiga tsakani gam zai saki, katakon ya kumbura, sai ka ga bangon ya yi ciki kamar ƙurji, daga nan sai ruɓa da funfuna, kuma ruwan ba ya tsayawa inda ya shiga, yana gangarawa har daɓen ƙasa. Ga sanyi na tafe, ruwan da ya maƙale zai daskare ya ƙara buɗe tsagar, in ka jira sati shida a waje sai Allah.

Maganar ƙara silikon kar ka yarda ko kaɗan. Aikin gaskiya shi ne a cire ƙarfen kusurwar gaba ɗaya, a kankare, a shimfiɗa tef ɗin butil mai danƙo da ke tare ruwa a ƙarƙashi, a ɗaure sukurori daidai, sannan inda ya haɗu da rufi a zuba gam ɗin toshe ruwa irin na Dicor mai bajewa da kansa. Silikon in ya bushe babu abin da ke kama jikinsa, har sabon silikon ɗin, wanda zai gyara bayansu sai ya sha wahalar kankare shi tas. Yau ɗin nan ka ɗauki hoto da bidiyo ciki da waje, ka rufe ta da tamfol, ka fitar da katifar ka kunna fanka. Amma kar ka ɓamɓare komai da hannunka, za su ce kai ka taɓa.

Abu Fatima:
Allah ya kyauta. Shi ya sa nake kewar gida, a Ƙofar Ruwa fanel bita yana aiki kana zaune a benci a kansa, in ya fara laftar bodi fila ka ce tsaya. Nan ko ƙofar gareji ba za su bari ka leƙa ba. Ni dai shawarata ka bari su toshe ka sayar da ita kafin ta nuna, ka huta.

Hajiya Maman Ummi, Houston:
Haba Abu Fatima, ya sayar wa wani bawan Allah da aibi a ɓoye? Annabi (SAW) ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Abin da aka yi masa ke nan yake kuka a kai.

Baban Khalifa, ƙanena, ni abin da na riƙe a maganarka shi ne rasit. An rubuta sabon bango, an karɓi kuɗin sabon bango, ba a sa ba. Wannan ya wuce rashin iya aiki. Ka kira wanda ya riƙe fayil ɗinka a inshora, ka bi shi da imel da hotuna, ka ce a buɗe maganar a sake turo mai dubawa, kuɗinsu ne aka ci ba za su so ba. Ka tambaye su kuma ko dilan na cikin garejojin da suke hulɗa da su, in yana ciki sau da yawa su ma suna tsaya wa aikin. Shi kuma dila ka nemi ya nuna maka takardar da ya yi odar bangon, tunda sati 11 suna cewa shi ake jira. Ka daina magana da su ta waya, komai a rubuce.

Baban Khalifa:
Na gode Hajiya. Ni na zaɓe su da kaina ba inshora ba, abin da ke damuna ke nan. Kuma na riga na sa hannu na karɓa.

Hajiya Maman Ummi:
Sa hannun karɓa bai wanke su daga aikin da ba su yi ba. Ka duba bayan takardar ma, galibi akwai garantin aiki a rubuce.

Yaya Auwal, Cincinnati:
Ni ba lauya ba ne amma na bi hanyar nan a kan motata. Ka fara nemo mai duba tirela mai zaman kansa, akwai masu shaidar NRVIA, ƙungiyar masu duba irin waɗannan tireloli, zai zo har gida da mitar auna danshi ya rubuta maka rahoto, ka haɗa da kimar gyara daga wani gareji daban. Sai ka rubuta wa babban manajan dila, ba na sashen gyara ba, wasiƙa ta gidan waya irin wadda ake sa hannu a karɓa, ka ba su kwana 14. In suka yi shiru ka shigar da ƙorafi ofishin Antoni Janar na Ohio, kyauta ne ta intanet. Ƙaramar kotu a Ohio tana sauraron har dala 6,000 kuma ba sai da lauya ba, taka a Franklin County take in dilan a nan yake. Dala 500 ɗin in da katin bashi ka biya kana iya ƙalubalanta a banki, kar ka wuce kwana 60.

Malam Ɗan Katsina:
Ni fa ban ga amfanin ba su dama ta biyu ba Yaya Auwal, hannun da ya yi wannan shi zai sake yi.

Yaya Auwal:
Gaskiya ne, amma alƙali zai tambaya ko an ba su damar gyarawa. Ya ba su a rubuce da sharaɗi: sabon bango, hoton kowane mataki, a nuna masa tsohon da aka cire, a feshe ta da tiyo a gabansa kafin ya karɓa. In sun ƙi, ƙin nasu ma hujja ce.

Baban Khalifa:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na rufe ta da tamfol bayan la'asar, na tura wa inshora imel da hoto 23, mai dubawa zai zo Laraba ƙarfe goma. Malam Ɗan Katsina na ɗaga ledar ƙasa a ƙarƙashin gadon yara kaɗan, katakon ya yi duhu kamar faɗin tafin hannu amma na danna da makulli bai lotsa ba. Zan turo maka hoton yanzu ka duba min.